GYARAN TSOHON GIDA DA HAKKIN MAƘWABCI

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, muna tune da daminar 2024, wadda a watan Satumbarta tsohon masallacin Birnin Damagaram ya ruguje, gidajen ƙasa masu yawa suka bi shi. Ƙaddara gaskiya ce. Sai dai bangon da ya faɗi a dare guda, sau da yawa ya shekara yana shan ruwa daga gindinsa muna kallo.

Da yawanmu, idan kuɗi suka samu, sai mu lulluɓe bangon ƙasa da siminti don idon mutane. Siminti kuwa yana kulle danshi a ciki, ƙasar ta riƙa ruɓewa a ɓoye. Magina na gargajiya sun san yaɓe da makuba. Mu neme su. Wanda kuma ya rushe soro ya sa kwano, to ya sayo wa iyalinsa zafi, ya ɗaura wa kansa kuɗin lantarki. Gara a gyara azara, a buɗe taga sama, wanda ya samu iko ya ɗora farantin hasken rana.

Amma abin da ya fi damunmu shi ne ruwa. Indararonmu yana zuba bisa bangon maƙwabci, ruwan wankanmu yana kwance a lungu yana haifar da sauro, mu kuwa muna sahun farko a masallaci! Imamu Malik ya ruwaito hanin cuta da cutarwa a Muwaɗɗa, Muslim kuma ya ruwaito tsinuwar da ke kan mai bayan gida a hanya ko inuwar mutane. Saboda haka mu juyo da indararo cikin gida, mu tara ruwansa a randa ko gano mai murfi don wanki. Mu haƙa rami mu cika da tsakuwa, ruwan wanka ya nitse nan, na alwala ya tafi gindin zogale. Shadda kuma a nisanta ta da rijiya.

Hadisin Anas ya nuna Manzon Allah (SAW) yana alwala da mudu ɗaya, Risala ta Ibn Abi Zaid kuma ta kira wuce iyaka a ruwan tsarki bidi'a. To ina hujjar mai barin famfonsa yana ɗiga dare da rana, alhali mata a Damagaram suna layi da jarka tun asuba?

Allah Ya ba mu ikon gyarawa kafin damina ta sauka, amin.