Ƙunci da Yalwa a Cikin Kwanson Harsashi

Malaman tasawwufi sun daɗe suna bahasi a kan ƙabdu da basɗu, wato ƙuncin zuciya da yalwarta, suna tambaya ko wannensu ya fi kai bawa ga Ubangijinsa. Kuma abin mamaki, masu sake ɗura harsashin ƙaramar bindiga a Amurka suna fama da irin wannan mas'ala da ma'auni a hannu. Domin idan aka zuba albarushi awo ɗaya a kwanso biyu, ɗaya mai faɗin ciki, ɗaya matsattse, to, a matsattsen ne hayaƙin ƙuna zai rasa wurin sakewa, matsi ya hau, harsashi ya fita da ƙarin gudu. Har ma dannan harsashi ciki kaɗan fiye da ƙa'ida yana iya kai matsin inda ƙarfen bindiga zai tsage.

Dubi harsashin .38 Special, wanda aka yi wa dogon kwanso tun zamanin baƙin albarushi, amma 9mm na Georg Luger, duk da gajartarsa, yana aiki da matsin da ya kusan ninka nasa. Shin ke nan ƙunci shi ne asalin ƙarfi? A ganina a'a, illa dai gwargwadon abin da mazubi zai iya ɗauka. Da aka fito da .357 Magnum a 1935, an ƙara wa kwansonsa tsawo fiye da na .38 Special musamman don kada ya shiga tsohuwar libarba wadda ba ta da juriyarsa.