Haɗarin Mota: Ƙaddara Ce Ko Ganganci?

 A wannan mako za mu duba wata kalma wadda ba ta wuyar faɗi a bakinmu duk sa'ad da aka yi haɗari a hanya, watau "ƙaddara".

Abin da ya jawo maganar shi ne, da kakar da ta wuce na shiga mota a Tudun Wada za ni Riruwai. Ƙaramar mota ce wadda aka ƙera domin mutum biyar, amma mu bakwai ne a ciki har da direba, ga kuma buhunan masara an danne bayanta da su. Da muka shiga dajin Falgore sai direban, wani saurayi, ya taka totur, yana wuce manyan motoci a kan kwana inda ba a hango mai tahowa. Wani dattijo da ke kusa da ni ya ce masa, "Yaro, sassauta mana, rayuka ka ɗauko." Sai ya amsa yana dariya, "Baba, ai in kwana ya ƙare ko a kan gado kake sai ka tafi." Wasu fasinjoji suka ce gaskiyarsa, dattijo ya yi shiru. Allah Ya sauke mu lafiya, amma maganar ba ta bar zuciyata ba, domin rabinta gaskiya ce, kuma irin wannan magana ta fi ƙarya tsagwaronta wuyar kamawa.

Babu Musulmin da ke shakkar cewa ajali yana hannun Allah, kuma yin imani da ƙaddara, ta alheri da ta sharri, yana cikin shika-shikan imani guda shida. To, amma tambayar da ke gabanmu daban ce. Shin sanin da Allah Ya yi wa abin da zai auku yana ɗauke wa mutum alhakin abin da hannunsa ya aikata? Da haka ne, da ba a yanke wa ɓarawo hukunci ba, da ba a nemi mai bashi ya biya ba, tun da su ma za su iya cewa an rubuta musu. Mu ba a nuna mana abin da aka rubuta ba. Abin da aka nuna mana shi ne umurni da hani, kuma a kansu za a tambaye mu.

Magabata sun fahimci wannan sarai. Sa'ad da Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi ya kama hanyar Sham, aka tarye shi da labarin annoba ta ɓarke a can, sai ya yi shawara da Sahabbai, ya juya da jama'a Madina. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi. Umar ya yi masa misali da makiyayin da ya isa wani kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe, ya nuna masa cewa duk gefen da ya kora raƙumansa cikin ƙaddarar Allah yake. Haka direban da ya rage gudu a kwana da wanda ya ƙara, dukansu ba su fita daga ikon Allah ba, sai dai ɗaya ya zaɓi gefen ciyawa, ɗaya ya zaɓi fako, kuma kowa da sakamakonsa.

Littattafan fikihun da ake karantawa a zaurukanmu ba su bar wannan mas'ala ba, ko da yake a zamaninsu babu mota. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani an bayyana cewa idan dabba ta take wani abu tana tafiya, lamunin yana kan mai tafiyar da ita, ko yana bisanta ne, ko yana jan akalarta, ko yana kora ta daga baya. Amma abin da ta ɓata ba da aikinsa ba, wannan babu lamuni a kansa. To, dubi: doki yana da nasa rai, yakan firgita, yakan yi tutsu, duk da haka an ɗora wa mahayinsa lamuni. Ina ga mota, wadda ba ta motsi sai an tayar da ita, ba ta ƙara gudu sai an taka ta? Saboda haka ne Majalisar Fikihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na ƙasar Burunai cikin 1993, ta yanke cewa bin dokokin hanya wajibi ne a shari'a, kuma haɗarin mota yana shiga ƙarƙashin hukunce-hukuncen laifin kisa da rauni da ɓarnar dukiya.

Gudu kuwa yana da lissafinsa wanda Allah Ya halicci duniya a kai. Motar da ke gudun kilomita 100 a sa'a tana cin kusan mita 28 a cikin daƙiƙa ɗaya, watau kafin direba ya ɗauke ƙafarsa daga totur ya kai ta birki ya riga ya wuce tsawon gidaje. Har wa yau, idan aka riɓanya gudu sau biyu, nisan da mota ke bukata kafin ta tsaya yakan riɓanya sau huɗu, kuma nauyin kaya da suɗaɗɗiyar taya suna ƙara shi. Wanda ya san hanyar da ta tashi daga Kwanar Dangora ta ratsa Tudun Wada da Falgore ta nufi Saminaka da Jos ya san shanu suna tsallaka ta, ya san manyan motoci suna binta dare da rana. Wanda ya san wannan kuma ya saki mota, ya jefa tsakuwa ne cikin kasuwa, ba shi da bakin cewa bai nufi kowa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanyoyin duniya kowace shekara.

Hukuncin kisan kuskure yana cikin Suratun Nisa'i, aya ta 92, kuma abu biyu ne. Na farko diyya, wadda ake bai wa magadan mamaci. Asalinta raƙuma 100 ne ko dinari 1,000 na zinariya, kuma dangin wanda ya yi kisan ne ke haɗuwa su biya cikin shekara uku. Na biyu kaffara, wadda a yau, da yake babu bayin da za a 'yanta, ta zama azumin wata biyu a jere. A nan ne muke yawan tuntuɓe. Idan aka yi haɗari, dattawa sukan taru, a yi ta'aziyya, a ce an bar wa Allah, a watse. Yafe diyya alheri ne babba ga baligin da ya yafe rabonsa da ransa. Amma rabon maraya dukiyar maraya ce, kuma kawu ko baffa ba shi da ikon yin kyauta da ita domin a ce masa mai haƙuri. Sa'an nan kaffara hakkin Allah ce, yafewar dangi ba ta sauke ta, kuma malamai da yawa sun ce kowane rai da tasa. Direbobi nawa ne suka koma kan sitiyari bayan kwana bakwai, ba su taɓa tambayar malami abin da ke wuyansu ba?

Wani zai ce na matsa wa direba, alhali shi ma talaka ne mai neman abin kai wa iyali. Wannan gaskiya ne, kuma alhakin ba nasa ne shi kaɗai ba. Mai motar da ke neman kuɗin balas kowace yamma amma ba ya sayen taya, yana da kaso. Ɗan kamashon da ke cusa fasinja bisa fasinja, da ma'aikacin da ya karɓi na goro ya bar motar da ba ta da birki ta wuce, da ɗan kwangilar da ya ci kuɗin gyaran hanya ya bar ramuka, duk suna da nasu. An kafa hukumar kiyaye haɗurra ta tarayya tun 1988, an kafa KAROTA a Kano a 2012, amma hukuma ba ta iya zama cikin kowace mota. Mu fasinjoji ne ke ciki, kuma mu ne muke zuga direba ya yi sauri kada kasuwa ta tashi, mu ne muka goyi bayan saurayin nan muka bar dattijo shi kaɗai. Ni ma da nake wannan rubutu ban buɗe baki ba a ranar, kuma ina neman gafarar Allah a kan haka, domin hani da mummuna bai faɗi a kan mutum don yana zaune a kujerar baya ba.

Direban da ya duba birkinsa da tayarsa, ya yi barci isasshe, ya nisanci ƙwaya, ya ɗauki lodi daidai, ya yi gudu gwargwadon hanya, sa'an nan wani abu ya faɗo masa wanda ba shi da ikon kauce masa, wannan shi ne ya cancanci a ce masa ƙaddara ce, a ba shi haƙuri, kuma shari'a ba ta kama shi da laifi. Kalmar ta ta'aziyya ce bayan an yi iyakar ƙoƙari. Wanda ya ɗauke ta tun kafin a tashi daga tasha ya mai da ita lasin ganganci, ya jingina wa Ubangijinsa abin da ƙafarsa ta taka. Hausawa sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Muna roƙon limamanmu na Juma'a, musamman na garuruwan da ke bakin hanya irin su Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa, su riƙa karanta wa jama'a babin diyya da kaffara, shugabannin direbobi kuma su gayyaci malamai tashoshinsu. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu a hanya, Ya ba majinyata lafiya, Ya kai kowane matafiyi gida lafiya, amin.