Ido Yana Tsintar Abin Da Zuciya Ta Ƙudurta

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, akwai wata ɗabi'a da aka halicci ɗan Adam da ita. Idan ya ƙudurta wani abu a zuciyarsa, sai idonsa ya riƙa tsinto masa duk abin da zai gaskata shi, ya kau da kai daga abin da zai ƙaryata shi. Wani masani ɗan Ingila, Peter Wason, ya gwada mutane a kan haka a 1960, ya tarar yawancinsu hujjar da za ta goyi bayan zatonsu kawai suke nema. To, tun da ba a raba mutum da wannan hali, sai mai hankali ya zaɓi irin zaton da zai shuka.

Mutanen Makera, a kudancin kogin Kaduna, sun san wannan jarrabawa. Masaƙar Kaduna Textiles da ke maƙwabtansu a Kakuri, wadda ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002, wasu masaƙun kuma suka bi bayanta. Magidancin da ya yanke cewa tasa ta ƙare, kowace ƙofa ya ƙwanƙwasa aka ƙi buɗewa sai ya ce ga shaida nan. Wanda kuwa ya sakankance cewa Mai arzutawa bai rufe taskarSa ba, shi ne zai lura da maƙwabcin da ke neman abokin sana'a, ko ɗan jarin da zai juya a kasuwa.

Buhari da Muslim sun ruwaito hadisi ƙudusi mai nuna cewa Allah Yana yi wa bawanSa gwargwadon zaton da ya yi maSa. A Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan hijira, Ƙuraishawa sun hana Musulmi shiga Makka, zukata sun ƙuntata. Da wakilinsu Suhailu ɗan Amru ya iso, sai Annabi (SAW) ya ɗauki sunansa, mai ma'anar sauƙi, alamar cewa al'amari zai sauƙaƙa. Aka ƙulla sulhu, bayan shekara 2 aka ci Makka.

Amma a kula, kyakkyawan zato ga Allah ake yinsa, da kuma maƙwabci, domin Suratul Hujurati, aya ta 12, ta hana yawan zargi. Rai kuwa tuhumarsa ake yi. An ruwaito cewa Sayyidina Umaru yakan roƙa wa mai nuna masa aibinsa rahama. Saboda haka Musulmi ya nemi shaidar alheri a wurin jama'a, ya nemi shaidar kuskure a wurin kansa, sa'an nan ya tashi ya yi aiki.

Allah Ya tsarkake zukata, Ya sa a dace. Amin.