Rage Mini Hanya: Shin Wanda Bai Iya Tuƙi Ba Nauyi Ne a Kan Jama'a?

A kusan kowane babban gida a ƙasar Bagudo akwai mutum ɗaya da wayarsa ba ta hutawa: mai mota, ko mai babur ɗin da ke da lafiya. In za a je ta'aziyya Ka'oje, shi za a kira. In Inna za ta koma ganin likita a Birnin Kebbi, shi ne. In za a kai amarya Illo, shi zai kwashi 'yan rakiya da kwanukansu. In naƙuda ta tashi ƙarfe biyu na dare, ƙofarsa za a buga.

Kwanan baya muna zaune a majalisa bayan sallar isha'i, wani ɗan'uwanmu da ke cikin wannan hali ya amayar da abin da ya daɗe yana cin ransa. Ya ce: "Mutum ya kai shekara arba'in, ido lafiya, ƙafa lafiya, amma ko babur bai iya tayarwa ba. Wallahi irin waɗannan kaya ne kawai a kan mutane." Aka yi dariya, aka shiga wata hirar. Sai dai akwai mutum biyu a wurin da ba su yi dariyar ba, domin sun san da su ake.

Tun daga ranar muke juya maganar. Shin baligin da bai iya tuƙi ba nauyi ne a kan sauran jama'a?

Adalci shi ne mu fara sauraron mai kuka, domin kukansa ba na banza ba ne. Kafin a cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Cikin 'yan kwanaki ta haura 500, kuma kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000 a wurare da dama. "Rage mini hanya" da a da ba a lissafa ta, yau kuɗin cefane ce. Ga taya, ga baƙin mai, ga hanyoyin da ke cin ƙafar mota da damina. Sama da duk wannan ga lokaci. Wanda ya kai mara lafiya asibiti ba ajiye shi zai yi ya juyo ba. Zai jira kati, ya jira likita, ya jira magani, yininsa ya tafi ke nan, shagonsa a rufe ko gonarsa babu mai dubawa. Kuma ba shi da bakin cewa a'a. In ƙanen mahaifinka ya ce, "Gobe da sassafe za ka kai ni Tsamiya," ba tambayarka ya yi ba. Amsa ɗaya ce: "To, Baba." Duk wanda ya ce wannan ba nauyi ba ne, bai taɓa ɗaukar sa ba.

Amma mu duba su wa hukuncin ya hau kansu. A Amurka, inda ake yawan wannan muhawara, kusan gidaje tara cikin goma suna da mota, kuma an tsara garuruwa da yawa ta yadda ko burodi mutum zai saya sai ya tuƙa. A can wanda ba ya tuƙi shi ne bare. A nan wurinmu lissafin a juye yake. In muka tsaya a bakin kasuwa muka ƙirga waɗanda suka taɓa riƙe sitiyari, ba za mu daɗe muna ƙirga ba. Mafi yawan iyayenmu mata ba su taɓa ba. Kakanninmu da suka yi fatauci tsakanin Illo da ƙasar Borgu da jaki da ƙafa suka yi shi. Ga makaho, ga mai farfaɗiya da bai kamata ya tuƙa ba, ga tsohon da ganinsa ya ragu, ga manomin da bai taɓa mallakar abin da ya wuce keke ba. In muka ce rashin tuƙi shi ne zama nauyi, to mun kira mafi yawan mutanen garinmu kaya, har da matar da ta tashi da asuba ta dafa abin da direban ya ci kafin ya tayar da mota.

A nan ne lissafin ɗan'uwanmu ya fara karkacewa. Ya ƙirga abin da yake bayarwa, domin ana auna shi da lita. Bai ƙirga abin da yake karɓa ba, domin ba a rubuta masa rasit. Wa ya kwana da mahaifiyarsa a asibiti ranar da shi ya koma gida ya kwanta? Wa ya tsaya masa a gonar shinkafa da ruwa ya taso? Wa ya je ya ba surukansa haƙuri da aka samu saɓani? Sau da yawa mutumin nan ne da bai iya tayar da babur ba.

Mu da muke zaune kusa da kogi bai kamata mu manta da wannan ba. Kogin Kwara ta yankinmu yake shigowa Najeriya, ya ratsa ƙaramar hukumar Bagudo. Akwai ƙauyukan da, in ruwa ya cika, ƙwararren direba zai ajiye motarsa a gaɓa, ya naɗe wandonsa, ya shiga kwale-kwale ya zauna inda aka nuna masa. Bai iya tuƙa jirgi ba, wataƙila ko iyo bai iya ba. Ransa yana hannun wani Basarke da bai taɓa mallakar lasin ba. Ba mu taɓa jin mai fito ya ce masa, "Har ka girma ba ka iya riƙe filafili ba, ai kai kaya ne." Kuɗin fito yake karɓa, ya tsallakar da shi.

Mun ga wannan a babban sikeli ba da nisa da mu ba. Bayan juyin mulkin Nijar na watan Yuli, 2023, an rufe gadar da ta haɗa Malanbil ta ƙasar Benin da Gaya ta Nijar. Manyan motoci ɗauke da kaya daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano suka yi jerin gwano, direbobi suka shafe makonni suna kwana ƙarƙashin motocinsu. Masu kwale-kwale ne suka riƙa tsallakar da mutane da kayansu. A dare ɗaya mai tuƙa tirela ya koma fasinja. Haka a 2019, bayan Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agusta, aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Masu motoci a garuruwan bakin iyaka suka koma neman galan a hannun 'yan bumburutu. Iya tuƙi bai tsinana musu komai ba ranar da tanki ya bushe.

Mu da muke sana'ar rubuta manhajar kwamfuta mun san wani abu mai kama da wannan. Babu manhajar da ke tsaye da ƙafarta. Kowace tana hawa kan aikin wasu mutane da mai amfani da ita bai san da su ba, kuma ba a tunawa da su sai ranar da ɗaya ya lalace komai ya tsaya. Direba ma haka yake. Yana hawa kan bakanike, da mai faci, da mai sayar da mai, da leburan da suka zuba kwalta. Abin da yake kira 'yancin kansa, jingina ce da ta yi yawa har ya daina ganin ta.

To in kowa a jingine yake, me ya sa tuƙi ya fita daban a idonmu? Muna ganin domin mun ɗauke shi kamar wata shaidar girma ce, kamar aure ko gina ɗaki. Amma in muka ari harshen malamai, tuƙi ya fi kama da farillar da in wasu sun yi ta faɗi a kan saura, kamar sallar jana'iza. Gari yana bukatar isassun direbobi, kamar yadda yake bukatar ungozoma da maƙeri da mai wankan gawa. Ba ya bukatar kowa ya zama direba. Hasali ma akwai haɗari a tura kowa kan titi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 1.19 ne ke mutuwa duk shekara a haɗarin hanya. Mutumin da ya san hannunsa na rawa, ko tsoro na kama shi in ya ga tirela ta taho, ya ce shi ba zai tuƙa ba, ya yi wa jama'a alheri. Wanda ya fi shi zama nauyi shi ne yaron da aka ba makulli bayan kwana uku da fara koyo, ya ɗauki mutum uku a babur ya nufi kasuwa a guje. In ya faɗi, dangi ne za su yi jinya, su sayar da akuya su biya mai ɗori.

Duk da haka ba mu wanke kowa ba. Nauyi yana nan, sai dai ba a rashin iyawa yake zaune ba. A yadda ake roƙo yake.

Mu ɗauki mutum biyu, dukansu ba su iya tuƙi ba. Na farko zai kira ka tun kwana biyu kafin tafiya. Zai ce, "Yaya, in da hali jibi ina so in je Lolo. In ba hali kar ka damu, zan bi kabu-kabu." Ranar tafiya kana isowa ka tarar da shi a ƙofar gida a shirye. A gidan mai zai zaro abin da ya sawwaƙa, ko ka ƙi karɓa ka san ya yi niyya. In ya ga hidimar ta yi yawa a wannan watan, da kansa zai nufi tasha ya biya kuɗin mota. Na biyu kuwa sai ka tayar da mota zai faɗo ciki. Zai sa ka jira shi ya yi wanka, ya sa ka biya ta gidan abokinsa, ya tsaya ciniki ka yi ta kallon agogo. Bai taɓa tambayar nawa lita take ba. Ran da ka ce ba hali, kafin magariba dangi sun ji cewa ka yi mota ka fara girman kai.

Na farko ɗan'uwa ne mai bukata. Na biyu shi ne kayan da ɗan'uwanmu ke kuka da shi, kuma ko gobe ya koyi tuƙi halinsa ba zai sauya ba. Motarka zai riƙa ara, ya dawo da ita babu mai. Abin da ya raba su shi ne ɗaya ya bar maka ƙofar cewa a'a a buɗe, ɗayan ya kulle ta da kunya. Hausawa sun ce kowa ya hau motar kwaɗayi zai sauka a tashar wulaƙanci. Ba su ce kowa ya hau motar ɗan'uwansa ba.

Akwai kuma wuri ɗaya da muke ganin uzuri yana ƙaranci. Gida ne da ke nesa da asibiti, akwai mota ko babur a ajiye, mai tuƙawa mutum ɗaya ne tak, kuma yakan yi tafiya. In a gidan akwai baligi mai lafiya da zai iya koyo amma ya ƙi saboda kasala, to farillar nan ba ta faɗi a kansa ba, domin babu wanda zai ɗauke masa ita ranar da yaro ya shiɗe da tsakar dare. A nan ne ya kamata mu tambayi kanmu game da mata. Ba daidai ba ne namiji ya hana matarsa ko 'yarsa koyon tuƙi, sannan ya dawo majalisa yana ƙorafin cewa ko cefane sai ya kai su. Wanda ya ɗaure mutum ba ya zargin sa da rashin tafiya. Ko Saudiyya ta ɗage haramcin tuƙi ga mata tun a watan Yuni, 2018.

Shi ma mai mota akwai abin da ke kansa. Addininmu ya lissafa taimaka wa mutum ya hau abin hawansa, ko ɗora masa kayansa, cikin sadaka. An kuma kwaɗaitar da mai rarar abin hawa ya ba wanda ba shi da shi. Amma aya ta 264 a Suratul Baƙara ta gargaɗe mu kan ɓata sadaka da gori da cutarwa. Maganar da aka yi a majalisar nan, gaban mutanen da aka sha ɗauka, gori ce, ko da mai yin ta bai nufa ba. Ta fi ƙin ɗaukar ciwo. Da ya ce wa kawunsa tun farko, "Kawu, gobe ba zan samu dama ba, amma ga wannan a hau mota," da ya huta, kawun ma ya tsira da mutuncinsa. Mun fi son mu ce to da baki, zuciya na tafasa, sannan mu je mu rama a bayan ido. Yawancin abin da muke kira nauyin mutane, nauyin a'ar da muka kasa faɗa ne.

Abin da muka fi jin tsoro shi ne inda irin wannan magana ke kai mutane. Tsohuwar da ta ji ana cewa marasa tuƙi kaya ne ba za ta yi gardama ba. Shiru za ta yi. Ran da ƙirjinta ya riƙe za ta ce bari gari ya waye, kar a tayar da yaron nan. Mai ciki za ta daure har abin ya wuce a daure. A wasu jihohin Arewa har shiri aka yi da direbobin tasha domin su riƙa kai mata masu naƙuda asibiti cikin gaggawa, saboda an gane cewa jinkirin samun abin hawa yana cin rayuka. Bai kamata mu ƙara wani jinkirin da bakinmu ba.

Ɗan'uwanmu na nan yana tuƙi, wayarsa kuma ba ta daina ƙara ba. Ɗaya daga cikin mutum biyun nan da ba su yi dariya ba ya daina kiran sa. Ranar kasuwa yanzu tasha yake zuwa, ya jira mota ta cika. Ɗan'uwanmu ya samu sauƙin mai. Amma mun lura rabonsu da zama tabarma ɗaya tun daren nan, kuma damina na tafe, gonakinsu kuwa iyaka ɗaya suke.