Mai Tura Saƙo Yana da Alhaki?

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a duk lokacin da labarin da aka yaɗa ya zama ƙarya: "Ai ba ni na rubuta ba, turo mini aka yi, ni ma na tura." Shin wannan uzuri yana wanke mutum?

Kafin mu amsa, bari mu dubi yadda zumuncin intanet yake a saƙe. Mutane rukuni-rukuni suke: dangi, 'yan unguwa, zumuntar mata, tsofaffin 'yan makaranta. Kusan kowa yana cikin rukuni fiye da ɗaya, saboda haka kowa gada ne da magana ke bi ta haye daga wannan taro zuwa wancan. A shekara ta 2016 kamfanin Facebook ya auna masu amfani da shi, wajen mutum biliyan 1.6, ya tarar cewa idan aka ɗauki mutum biyu ko daga ina, galibi waɗanda ke tsakaninsu suna haɗa su ba su wuce huɗu ba.

Ƙarya kuwa ta fi gaskiya sauri a kan waɗannan gadoji. A 2018 masana a jami'ar MIT ta Amurka sun bi sawun labarai kimanin 126,000 a Twitter, wadda yanzu ake kira X. Sun gano cewa gaskiya takan ɗauki lokaci kusan ninki shida na ƙarya kafin ta kai ga mutum 1,500, kuma mutane ne suka fi yaɗa ƙaryar, ba na'ura ba. Abin mamaki da abin tsoro su ne suka fi sa hannu ƙaiƙayi.

Mun ga haka a ƙasarmu. A watan Agusta na 2014, bayan cutar Ebola ta shigo Legas, saƙo ya bazu cikin dare ɗaya cewa a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha, don kariya. Kafin gari ya waye iyaye sun tashi 'ya'yansu daga barci, 'yan'uwa sun buga wa juna waya. Aƙalla mutum biyu suka rasu saboda shan gishirin, aka kwantar da waɗansu a asibiti.

Me ya sa aka gaskata? Ba wanda ya san mai rubutun farko. An gaskata ne domin daga bakin uwa, ko yaya, ko dattijon da ake girmamawa maganar ta fito. A nan amsar tambayarmu take. Wanda ya tura saƙo ya ɗora sunansa a kai, ya zama shaida. Amanar da ya yi shekaru yana ginawa ita ce ya ara wa maganar da bai bincika ba.

Wani zai ce, ai da kyakkyawar niyya aka yi. Haka ne, kuma mai ƙauna ba daidai yake da maƙaryaci ba. Amma uwar da ta ba ɗanta magani cikin duhu ba ta duba kwalba ba, ƙaunarta ba za ta mai da guba magani ba. Ƙauna ta gaskiya takan kunna fitila tukuna.

Tun 2019 WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda. Wannan ya taimaka, amma dokar kamfani ba ta maye gurbin lamiri.

Saboda haka, ƙaunatattu, kafin mu tura, mu tambayi kanmu: Na tabbata gaskiya ne? Wa zai cutu idan ƙarya ne? Zan iya faɗinsa a gaban wanda ake magana a kansa? Mu koya wa 'ya'yanmu haka tun ranar da muka saya musu waya. Magana zarar bunu ce. Idan ƙarya ta iso wayarka, ɗan'uwa, bari nan ne za ta kwana.