CARAR ZAKARA DA BARCIN MAƘWABCI

 

Kowace shekara, idan Mako Mai Tsarki ya zo, mukan tsaya a ɗakin sujada mu saurari labarin shan wuyar Ubangijinmu, da farko a Lahadin Dabino, sa'an nan ran Jumma'a Mai Kyau. A cikin labarin nan akwai wata 'yar halitta wadda marubutan Bishara su huɗu duka suka ambata, wato zakara. Yesu ya faɗa wa Bitrus cewa zai yi musun saninsa sau uku kafin zakara ya yi cara. Markus kuwa (14:30) ya ce kafin cara ta biyu. Haka kuwa aka yi a farfajiyar babban firist. Luka (22:61) ya ƙara mana da cewa a daidai lokacin Ubangiji ya waiwaya ya dubi Bitrus, shi kuwa ya fita ya yi kuka mai zafi. Har wa yau a Urushalima, a gangaren Dutsen Sihiyona, akwai majami'ar da ke ɗauke da sunan Bitrus Mai Tsarki da carar zakara. An gina ta a shekarar 1931, da siffar zakara a bisa ƙubbarta.

Abin baƙin ciki shi ne, tsuntsun da Allah ya yi amfani da muryarsa ya komo da manzo ga tuba, shi ne yau yakan raba maƙwabta. A ƙauye, inda gidaje ke da fili kuma kowa ke sammakon gona, ba mai ƙorafi a kan cara. Amma da yawa daga cikinmu yanzu muna zaune a gidajen haya cikin birni, iyali biyar ko shida a tsakar gida ɗaya, akurkin wannan yana jingine da tagar wancan. Hausawa sun ce, zo mu zauna, zo mu saɓa. Daga cara sai habaici, daga habaici sai gaba, har a kai ga wani ya zuba guba a dusa. Ran Lahadi kuma su biyun su zo gaban bagade ɗaya, amma in an ce a ba juna alamar salama, kowa ya kau da kai.

Mu dubi mutanen nan biyu da idon adalci. Mai kaji sau da yawa gwauruwa ce ko ma'aikaci mai ɗan albashi. Kajin nan su ne asusunsu: da su ake biyan kuɗin makaranta, da su ake sayen magani, da su ake fita kunyar baƙi ran Kirsimeti. Maƙwabcin kuwa wataƙila ma'aikaciyar jinya ce da ta kwana a tsaye a asibiti, ko uwa mai jego, ko tsoho mai hawan jini wanda barci ba ya ɗaukarsa sai gab da asuba. Ɗaya yana kāre abincinsa, ɗaya yana kāre lafiyarsa. Ba wanda bukatarsa ta zama abin wasa.

Zakaran kansa ba shi da laifi. A shekarar 2013 masana a Jami'ar Nagoya ta ƙasar Japan suka nuna cewa ba ganin haske kaɗai ke sa zakara cara ba. Yakan fara ne wajen sa'a biyu kafin gari ya waye, kuma ko da suka ajiye zakaru cikin haske dishi-dishi dare da rana, sai suka ci gaba da cara kusan kowace sa'a 24, gama Mahalicci ya sa musu agogo a cikin jiki. Sun kuma ga cewa haske na farat ɗaya da carar wani zakara sukan ƙara zuga shi. A 2015 suka gano cewa babban zakara ne ke fara cara, na ƙasa da shi su biyo baya bi da bi. Kakanninmu sun riga su faɗa: zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi. Tun da yake zakara ba shi da zaɓi, ashe tambayar tana kan mu da aka ba hankali da lamiri.

Kada kuma mu zaci shari'a za ta raba wannan gardama. A ƙasar Faransa, a tsibirin Oleron, waɗansu maƙwabta sun kai ƙarar mai wani zakara da ake kira Maurice. A watan Satumba na 2019 kotu ta ba mai zakaran gaskiya, a Janairu na 2021 kuma ƙasar ta kafa dokar kāre sautuka da ƙamshi da warin karkara a matsayin gadon al'umma. Alƙali yana iya faɗin wanda ke da iko, amma ba ya iya sa mutum biyu su sāke gaisawa da safe. Shi ya sa Bulus Manzo ya tsawata wa Korantiyawa (1 Kor. 6:7) a kan kai juna ƙara, ya nuna musu cewa ƙarar kanta hasara ce tun ba a yanke hukunci ba. Ma'aunin Kirista ya wuce abin da doka ta yardar masa. Ma'auninsa ƙauna ce.

Ya kai mai kiwo, ka karanta Karin Magana 27:14. Mai hikima ya koyar cewa ko albarka ce ka sa wa maƙwabcinka, in ka yi ta da babbar murya da sassafe, za a lasafta ta kamar la'ana. In haka ne game da albarka, ina ga zakaru huɗu a gindin taga? Ba a ce ka bar kiwo ba, amma akwai abin da ke hannunka. Kaza takan yi ƙwai ko ba zakara. Ana bukatarsa ne kawai in ana son ƙwan da za a ƙyanƙyashe, kuma zakara ɗaya ya isa kaji wajen goma. Sauran, da ke ta amsa wa juna, ka sayar ko ka yanka. Ka janye akurki daga bangon ɗakin kwanan mutane. Ka shigar da zakaran da magariba, ka rufe shi a wuri mai duhu da kauri, inda hasken ƙwan lantarki da fitilar mota ba sa kai wa, amma ka bar masa kafar shan iska, gama shi ma halittar Allah ne, ba a azabtar da shi. Kada ka sake shi sai rana ta fito. Wannan ba zai hana cara ba, amma zai rage ƙarfinta. Fiye da duka, kada ka jira a kawo maka kuka. Ka je da kanka ka tambaya ko kajinka suna hana su barci. In ka riƙa 'yan ƙwai a hannu, ya fi kyau.

Kai kuma da aka hana barci, Ubangiji ya riga ya shimfiɗa maka hanya a Matiyu 18:15-16. Ka je wurin ɗan'uwanka ku biyu kaɗai, da rana, bayan fushi ya huce. In bai ji ba, ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu, ko katikis, ko dattijuwa daga Zumuntar Mata, ko mai unguwa. Kada ka fara da kai gulma bakin rijiya. Wanda ya kashe kajin maƙwabcinsa a ɓoye ya karya doka ta bakwai, gama ya hallaka dukiyar wani, kuma wajibi ne ya biya. Ka tuna kuma, in an yi maka iyakar ƙoƙari, sauran sai haƙuri. Wannan hakki bai tsaya ga 'yan Ikilisiya ba. Maƙwabci Musulmi da wanda ba ya zuwa sujada ko'ina suna da shi daidai da na kowa.

Kafin mu nuna wa mai kaji yatsa, mu tambayi kanmu. Janareta da muke bari yana ruri har tsakar dare fa? Rediyon da muke ƙure wa murya fa? Lasifikar da muke juyawa waje a daren addu'a, alhali masu sujadar duka suna ciki fa? Zakara bai san akwai mara lafiya a bayan bango ba, amma mu mun sani.

A Markus 13:35 Yesu ya lissafta carar zakara cikin lokatan da maigida zai iya dawowa ba zato. Saboda haka, gobe da asuba in cara ta tashe ka, kafin ka yi tsaki, ka yi alamar gicciye, ka tuna da Bitrus. Musun Almasihu ba a farfajiyar babban firist kaɗai ake yinsa ba. Duk wanda ya ce ba ruwansa da wahalar maƙwabcinsa ya ce bai san Shi ba. Amma Bitrus bai ƙare a cikin kuka ba. A bakin Tekun Tibariya, da sassafe, Ubangiji ya tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa, ya kuma danƙa masa kiwon tumakinsa. Wanda ke da gaba da maƙwabcinsa, bari ya je ya shirya da shi cikin makon nan, sa'an nan ya zo ya furta zunubinsa a gaban firist, domin mu shiga Idin Tashin Ubangiji da zuciya ɗaya.

Ya Allah, wanda ka raba dare domin hutawa da rana domin aiki, ka ba mu zuciyar da ke jin nauyin maƙwabci, ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.