Ruwan da ke tsakiyar buhu

Idan mutum ya sayar maka da buhun gawayi cike har baki, bai rage ko gutsure ba, amma tsakiyarsa a jiƙe, ya tauye mudu ko bai tauye ba? Wannan tambaya ta daɗe tana cin raina, domin da safe ina suyar masa a Magami, nan Jalingo, da yamma kuma ina karantar da matan aure a Islamiyya.

Tanda ba ta son wuta mai tashi da faɗuwa. Busasshen gawayin kirya ko na marke, in ka gwara biyu za ka ji ƙara garau, garwashinsa kuma ya daɗe yana ci ba hayaƙi. Jiƙaƙƙe kuwa sai zafin ya gama korar ruwan da ke cikinsa kafin ya iso gindin tanda. Masa ta sha mai, ta ƙi tashi, fifita ta ƙare a hannunka. Ruwan nan kuma nauyi ya ƙara wa buhun, har mai saye ya ɗaga ya ce ya dace.

Wani ƙanena ya kawo mini murhun zamani mai 'yar fanka da batir, wanda ke cin curarren garin katako, ƙanana kamar abincin kifi. Shi wannan murhu ba ya rufa wa makamashi asiri. Busasshe ya ba da harshen wuta mai tsabta. Wanda ya sha laima ya kumbura, ya koma gari, ya toshe ƙofofin iska. A ƙasashen Turai, inda ake ɗumama ɗaki da irinsa, an rubuta masa ƙa'ida: ruwa kada ya wuce kashi 10 cikin 100, toka a mafi kyawunsa kada ta wuce kashi 0.7. Ƙaiƙayin shinkafa, irin wanda ke jibge a wuraren casa daga Mutum Biyu zuwa Lau, shi ma ana curawa, sai dai tokarsa takan kai kusan kashi 20. Wannan ba aibi ba ne in an faɗa. Na san zan riƙa kwashe toka, na biya kuɗin da ya dace da shi, mun rabu lafiya.

A watan Agusta na koma wa dattijon da nake sayen gawayi a wurinsa da ƙorafin jiƙaƙƙen buhu. Ya ce, "Malama, ruwan sama ne, ba ni na zuba ba." Na yarda da shi har zuciyata. Amma jikina ya yi sanyi, don wannan uzuri ne aka kawo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a hadisin Abu Huraira da ke cikin Sahihu Muslim. Manzon Allah ya sa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa, yatsunsa suka taɓo danshi, mai kayan ya ce ruwan sama ne. Ba a tuhume shi da jiƙawa ba. An tambaye shi dalilin da bai sa jiƙaƙƙen a sama ba, inda mutane za su gani, sannan aka kira abin da ya yi algus. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda muke karantawa a zaure da Islamiyya, ta bi wannan sawu a babin ciniki: ta hana ɓoye aibi, ta hana cakuɗa mara kyau da mai kyau.

Don haka ni a ganina mudun mai gawayi ba buhu ba ne. Abin da na biya kuɗinsa zafi ne, kuma an rage mini shi.

Inda abin ke da wuya shi ne, dattijon nan a ɗinke yake karɓar buhunan daga ƙauye. Mai toyawa a daji yakan kashe wutar da ruwa don ya yi saurin ɗurawa, mai lodi ya sa manya a sama, gari da ƙasa a gindi. Dattijon ma cutarsa ake yi, kuma ribarsa ba ta taka kara ta karya ba. Ba na ganin Allah zai kama bawa da abin da bai sani ba. Sai dai wanda ya tsufa a sana'a, ɗaga buhu kawai zai yi ya gane. Daga lokacin da hannunsa ya gaya masa, shirun da zai yi nasa ne, ba na mutanen daji ba.

Na ce, "Baba, ka riƙa farke buhun, ka ware jiƙaƙƙen da kuɗinsa daban. Masu gidan da ke da filin shanya za su saya." Ya ce maƙwabtansa ba sa yi, za a ce kayansa ne kaɗai ke da ruwa. Wannan tsoro gaskiya ne, kuma mu masu saye ne muka haife shi, domin mukan guje wa wanda ya faɗi aibin kayansa mu tafi wurin wanda ya yi shiru. Na yi masa alkawarin duk buhun da ya farke a gabana zan saya, busasshe ko jiƙaƙƙe, kowanne da farashinsa, kuma na faɗa wa ɗalibaina inda rumfarsa take.